Sharhi: Harafi ɗaya a kwamfutar jirgi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe Kaduna, wanda ya fito Kawo da sassafe da ƙyar yake hango ƙarshen gada. To ina ga matuƙin da ke neman filin jirgin saman Kaduna daga can sama? Idonsa ba ya yi masa rana sai ya kusa ƙasa. Madogararsa ita ce hanyar da aka loda wa kwamfutar jirgi kafin a tashi. Ita kuwa kwamfuta ba ta musu. Inda aka ce ta nufa can za ta nufa, ko da dutse ne a gaba.

A daren 20 ga Disamba, 1995, jirgin American Airlines ƙirar Boeing 757 ya doshi birnin Kali na Kolombiya daga Amurka. Matuƙan sun makara, sai hasumiyar da ke ba jirage umarni ta yi musu tayin gajeriyar hanya, suka karɓa. A taswirar da ke hannunsu, tashar siginar da za su bi, wato Rozo, alamarta harafin R ce. Aka danna R. Ashe a cikin kwamfuta wannan R ta wata tasha ce daban mai suna Romeo, can wajen Bogota. Ita Rozo sai an rubuta sunanta cikakke take fitowa. Jirgi ya karkata hagu cikin duhu, ya bar kwarin da ya kamata ya bi. Ko da suka ankara suka juyo, dutse ya riga ya shiga tsakani. Mutum 159 suka rasu, huɗu kacal suka tsira.

Hatsarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na jirgin Air New Zealand, ranar 28 ga Nuwamba, 1979. Jirgin yawon buɗe ido ne zuwa Antatika. An nuna wa matuƙan hanya ta kan wani mashigin teku, fili fetal. Daren da za a tashi, ofishin kamfanin ya sauya lambobin hanyar, ba wanda ya sanar da matuƙan. Sauyin ya gusar da hanyar fiye da kilomita 40, ya ɗora ta kan dutsen Erebus. Farin ƙanƙara ya haɗu da farin gajimare, dutse ya ɓace wa ido. Duk mutum 257 da ke ciki suka mutu. Rahoton farko ya ɗora laifin a kan matuƙa, dama wanda ya mutu ba ya kare kansa. Sai a 1981 alƙali Peter Mahon ya ce sauyin da ofis ya yi a shiru ne tushen hatsarin.

Ƙa'idar aikin sananniya ce: ɗaya ya shigar da hanya, ɗayan ya gwada ta da takarda, ya duba allo, ya ce ya yarda, sannan a danna. A Kali ba a yi wannan ba, saboda sauri.

A nan nake jin tsoron kunyarmu. Mun taso ba a gyara wa babba magana. Yaranmu da ke koyon tuƙi a kwalejin sufurin jiragen sama ta Zariya, gobe za su zauna a kujerar dama kusa da kyaftin mai furfura. In allo ya nuna layi ya lanƙwasa inda takarda ta ce a miƙe, so nake yaron nan ya buɗe baki nan take ya ce, "Ranka ya daɗe, dakata, wannan ba hanyarmu ba ce."