Jiya shugabarmu ta ɗauki fo da hannunta

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da idanun nan, yanzu na sauko daga aikin dare, awa 12 da rabi a tsaye. Ga ni a tashar bas, ana yayyafin nan na Ingila da ba ya ƙarewa. Da na so in wuce in kwanta, amma abin da na gani jiya ya ƙi fita raina.

Mu nas uku aka rubuta a sashenmu na asibiti. Ɗaya ta bugo waya ba ta da lafiya, wadda aka ce za a turo madadinta kuma shiru. Muka rage nas biyu da gado 26, galibinsu tsofaffi. Wajen ƙarfe tara shugabarmu, wadda a nan ake ce wa Band 7, har ta sa rigar sanyi za ta tafi, tun safe take wurin. Ta tsaya ta dubi allon aiki, ta ajiye jaka. Ta ɗaura leda a gaba, ta zura safar hannu, ta shiga wurin wata tsohuwa da ta ɓata gadonta. Na bi ta da sauri na ce ta bari in yi. Ta ce makullin magani a aljihuna yake, in je in raba, ita za ta ji da zanin gado. Wallahi sai da na tsaya ina kallonta ta fito da fo a hannu.

Ni fa inda na fara aiki a gida, in babbar sista ta shigo kowa miƙewa yake, ranki ya daɗe, ranki ya daɗe. Fo kuwa na mai jinya ne, 'yar uwar da ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gado. Amma kada ku ce na raina gida. Mu da muka koyi neman jijiya da fitilar waya in an ɗauke wuta? Yau a sashen nan in jijiyar tsoho ta ɓuya, ni ake kira. Har da likitoci, ba yabon kai ba.

Suna da kayan aiki kam. Wata 'yar na'ura muke riƙewa kamar waya, ki shigar da hawan jini, zafin jiki, bugun zuciya da numfashi, ita ta haɗa maki, NEWS2 sunan tsarin. In ya kai 5 a nemo likita da gaggawa, in ya kai 7 kuwa sai gudu. Jiya ta yi ta ƙara a aljihuna, ni kuma hannu biyu Allah ya ba ni. Tana gaya miki wanda jikinsa ya rikice, amma ba ta juya tsoho, ba ta ba shi ruwa. Shi ya sa a Disambar 2022 RCN, ƙungiyar nas-nas ta ƙasar nan, ta shiga yajin aikin da ba ta taɓa irinsa ba cikin shekara sama da 100. Albashi ne da ƙarancin hannu, ba wani abu ba.

Shugabar ba ta tafi ba sai sha biyu, kuma sai da ta rubuta rahoton ƙarancin ma'aikata da sunanta, don kada a ɗora mana in wani abu ya faru. Wannan ya fi fo ɗin taɓa ni.

Ƙannena masu turo min saƙo kan zuwa aikin nas a nan, ku ji. Najeriya na cikin ƙasashen da WHO ta ce a daina zuwa ɗibar ma'aikatan lafiyarsu, don haka da kanki za ki nemi aikin. Duk dillalin da ya ce ki kawo miliyoyi, ki riƙe kuɗinki. Ga jarrabawar Turanci, ga OSCE, jarrabawar gwada aiki a aikace, ga kuɗin rajistar NMC, hukumar da ke ba nas lasisin aiki, duk shekara. Ɗaki ɗaya nake haya fam 600, ban da gas. Doya guda kuwa na bar tambayar kuɗinta, kallonta nake in wuce.

Ga bas ɗina. Anjima da daddare zan koma, Allah ya sa mu cika uku.