Lahadin da Makaɗi Zai Zauna a Benci

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani taron mawaƙa da makaɗan ikkilisiya.)

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Fastocinmu, dattawa da iyayenmu mata, ina gaishe ku da girmamawa. Ku yi mini aikin gafara, yau da 'ya'yanku zan yi magana, masu jita da masu ganga da masu kibod, har da ɗan'uwan nan da ke zama can baya yana kula da na'urar sauti. Amma kada ku tashi, akwai rabonku a gaba.

Ƙannena, na shekara fiye da 20 ina kaɗa jitar bas a sujada. Wata Lahadi ana cin Jibin Ubangiji, muna bin wata waƙa a hankali a kan giciye, sai wata wayar haɗa kayan sauti ta soma ƙugi a cikin lasifika. Daga baitin farko har na ƙarshe, hankalina yana kan wayar nan. Da aka tashi, wata uwa ta riƙe hannuna idonta cike da hawaye, ta ce, "Ɗana, yau Allah ya yi amfani da kai." Na ce mata amin. A hanyar gida kuwa zuciyata ta yi ta zargina: mutane suna kuka a gaban giciye, kai kana fama da waya. Da na shiga ɗaki na ɗauko Littafi Mai Tsarki, sai na ga takardar da nake sa alama da ita tana inda na bar ta tun makonni shida da suka wuce.

Abu biyu ne suka same ni ran nan, na kuma daɗe ina ɗaukarsu abu ɗaya. Na wayar ba laifi ba ne. Na makonni shidan, shi ne ciwon.

Bari mu fara da na wayar, domin na san da yawa a cikinku wannan damuwa tana cin ku a ɓoye. Kana ƙirga bugu, kana kallon hannun mai ba da waƙa ko zai koma amshi, ka ji mai ganga ya soma gudu kana ƙoƙarin riƙe shi, jama'a kuwa idonsu a rufe hannuwansu a sama. Sai ka ce a ranka, su suna sujada, ni ina aiki. An ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma gaskiya ne, hankalin ɗan Adam ba ya zama wuri biyu cikakke a lokaci guda. To amma wa ya ce maka hankalin da ka zuba a kan bugun nan ba baiko ba ne? Zabura 33 aya ta 3 ta umarce mu mu kaɗa da gwaninta. A Tarihi na Ɗaya 15:22 an ɗora Kenaniya a kan waƙa, dalilin da aka bayar kuwa ɗaya ne, ya ƙware. Gwaninta ba ta samuwa sai da mai da hankali. In ka rufe ido ka lula, ka bar waƙa ta watse, mutum ɗari biyu da suka zo da kayansu masu nauyi za su buɗe nasu idon su duba abin da ya faru. Da ka riƙe bugun daram, ai ƙaunar maƙwabci ka yi da yatsunka.

Ku buɗe Tarihi na Biyu sura 5 in kun koma gida. Ranar da aka shigo da akwatin alkawari Haikalin Sulemanu, firistoci 120 ne suke busa ƙaho, ga mawaƙa da kuge da molaye da garayu, aka ce duka suka zama kamar murya ɗaya. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa masu busa uku kacal ya san 120 ba sa zama murya ɗaya da sa'a. Sun saurari juna, sun yi bita. A cikin wannan aiki na natsuwa ne girgije ya cika Haikalin, har firistoci suka kasa tsayawa su ci gaba da hidima. Don haka ku sauke wannan kaya. Rashin jin tsikar jiki ta tashi a kan dandamali ba shaida ba ce cewa Allah ya ƙi baikonka.

Yanzu ga ciwon. A nan zan daɗe.

Makaɗin ikkilisiya yana cikin wani hatsari da sauran masu bi ba su cika shiga ba. Kullum yana coci. Bita ran Laraba, bita ran Asabar, sujada biyu ran Lahadi, ga bikin aure, ga jana'iza, ga taron matasa. Bakinsa cike yake da sunan Allah. Ya haddace waƙoƙin da suka fi ɗari. Saboda haka in ya daina addu'a a ɗakinsa, babu wanda zai gane, shi kansa ma ba zai gane da wuri ba. Wanda ya daina zuwa coci, dattawa za su bi shi gida cikin mako uku. Wanda ya bushe a kan dandamali kuwa, tafi ake yi masa. Yatsu suna da tasu hadda, za su ci gaba da kaɗa waƙar tuba shekara da shekaru bayan zuciya ta daina tuba.

Akwai alamun da na gani a kaina, ku auna su da naku. Wa'azi ya zama lokacin hutu: da fasto ya hau mumbari sai mu sulale waje, ko mu zauna a baya muna latsa waya, kunnenmu yana jiran kalmar "a ƙarshe" domin mu koma kan kaya. In na je wata ikkilisiya baƙunci, ba na iya raira ko baiti ɗaya, sai dai in zauna ina gyara wa mai bas ɗinsu kurakurai a zuci. Sannan ranar da aka ce wani yaro ne zai kaɗa a madadina, na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ba ni tsoro, domin ta nuna mini cewa in aka karɓe jitar, ban san ko ni wane ne a gaban Allah ba.

Akwai wata aya a Waƙar Waƙoƙi 1:6 inda budurwar take cewa an sa ta tsaron gonakin inabi, tata gonar kuwa ba ta tsare ba. Duk lokacin da na karanta ta, makaɗa nake tunawa. Ta bakin annabi Amos kuma, a sura 5 aya ta 23, Allah ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙi, ba zai saurari kiɗan molaye ba. Ku lura, bai ce kiɗan ba daɗi ba. Rayuwar masu kiɗan ce ta rabu da abin da suke rairawa.

Wannan tsoro tsoho ne a cikin ikkilisiya. Agustin, bishof na Hifo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi kuka saboda daɗin waƙoƙin coci a farkon tubarsa, amma daga baya ya furta cewa in daɗin muryar ya fi motsa shi fiye da maganar da ake rairawa, yana ganin ya yi zunubi. Zuwingili, jagoran gyaran ikkilisiya a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, mutumin da ya iya kayan kiɗa iri-iri, shi ne kuma ya sa aka daina kiɗa a sujada a shekarun 1520. Ni ban yarda da maganinsa ba, yanke hannu ne saboda ƙurji, amma na fahimci abin da ya gani. A kusa da zamaninmu ma, a ƙarshen shekarun 1990, wata ikkilisiya a garin Watfod na Ingila, wadda kiɗanta ya yi suna, ta ajiye makaɗa da na'urar sauti gaba ɗaya na wani ɗan lokaci. Da farko shiru ne mai nauyi ya cika ɗakin, kafin mutane su koyi buɗe baki da kansu. Daga baya suka dawo da kayan.

Ba na ce ku kwashe kaya ku kulle a sito ba. Ina so ku dubi Dawuda. Kafin ya kaɗa wa Saul garaya a fada, ina ya koya? A bayan tumaki, inda babu mai tafi. Baran da ya ba da sunansa a Sama'ila na Ɗaya 16:18 ya lissafa gwanintarsa da jaruntakarsa, ya rufe da cewa Ubangiji yana tare da shi. Abin da ya kwantar wa Saul da hankali a fada, daga jeji aka kawo shi. Yesu kansa, bayan daren da dukan gari ya taru a ƙofar gida, Markus 1:35 ta ce ya tashi da asussuba tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. A Matiyu 6:6 ya ce mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa. Mu da aikinmu duka a gaban idon jama'a yake, mun fi kowa bukatar ƙofar nan.

Me za ka yi a ɗakin? Ga abin da ya taimake ni. Na raba lokacin bita da lokacin addu'a, domin na gano in jita tana hannuna ina addu'a, cikin minti biyar na koma neman sabon salo. Sai na ajiye ta, in karanta Zabura ɗaya da murya, in yi shiru. Waƙoƙin Lahadi kuma, tun ran Alhamis nakan rubuta kalmominsu da hannu, in karanta su ba kiɗa, in yi addu'a da su layi-layi. Ka ga in Lahadi ta zo hankalina ya tafi kan bugu, ba asara, na riga na raira wa Allah waƙar tun ran Alhamis. Yohan Sebastiyan Bak, wanda ya kama aikin kiɗan coci a birnin Laifzig na Jamus a 1723, a shekarunsa na farko kusan kowace Lahadi sai ya kawo sabon kiɗa. Wannan gajiya ce ta gaske. Amma a saman takardunsa da yawa yakan sa haruffa biyu masu nufin "Yesu, ka taimaka", a ƙasa kuma haruffa uku masu nufin "ɗaukaka ga Allah shi kaɗai". Littafinsa Mai Tsarki yana nan har yau, da rubutun hannunsa a gefen Tarihi na Biyu sura 5 ɗin nan da muka ambata. Mutumin da aiki ya yi wa yawa haka, ya sami lokacin zama da alƙalami a kan Maganar Allah.

Iyayenmu fastoci da dattawa, ga rabonku. A Tarihi na Ɗaya sura 25, horarrun mawaƙa 288 ne a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun. An raba su kashi 24, kowane kashi mutum 12, aka jefa kuri'a a kan aikinsu, babba da ƙarami, malami da ɗalibi, duk ɗaya. Firistoci ma kashi 24 ne, shi ya sa Luka ya ce da kwanakin hidimar Zakariya suka cika, ya koma gidansa. Allah bai shirya hidimarsa yadda mutum ɗaya zai ɗauke ta Lahadi 52 a shekara ba. Amma mu, yaro ɗaya ne mai kibod, tun yana ɗan shekara 16 muka ɗora shi, bai taɓa zama kusa da mahaifiyarsa a sujada ba tun daga ranar. In ya makara mu yi masa faɗa. Yaushe rabon da wani dattijo ya kira shi gefe ya tambaye shi, "Ɗana, yaya addu'arka?" A zamanin Nehemiya, da aka daina kula da Lawiyawa da mawaƙa, sura 13 aya ta 10 ta ce kowa ya gudu gonarsa. Yau ma suna gudu, wasu zuwa wata ikkilisiya, wasu kuma su bar bangaskiyar ɗungum, mu ce duniya ce ta ja su. Ina roƙonku, ku ba kowane makaɗi Lahadi ɗaya a wata ya zauna a benci, ya karɓi Jibi da hannu biyu ba tare da yana sauri ya koma kan kaya ba.

Na ga hannu a can. Ɗaga murya, 'yata. Tana tambaya, in ikkilisiya ƙarama ce, ita kaɗai ce mai kibod, wa zai kaɗa ranar da ta zauna?

Babu wanda zai kaɗa, 'yata. Jama'a su raira da bakinsu. Ikkilisiya ta yi ɗaruruwan shekaru tana raira Zabura da murya zalla, har yau ma akwai ikkilisiyoyin Otodoks da ba sa sa kayan kiɗa ko ɗaya a sujada. Lahadin farko za ki ji sun ɗauki waƙar a sama da yawa, ko sun ja ta, hannunki zai yi ta ƙaiƙayi. Ki zauna dai. Ki kuma duba cikin yaran makarantar Lahadi, akwai ɗaya da kullum bayan an tashi yakan zo ya tsaya kusa da kibod ɗin yana kallon yatsunki. Ki fara koya masa ran Asabar ɗin nan, ko da rabin awa ne.

Lokacinmu ya ƙare. Baba Fasto, sai ka rufe mana da addu'a, kuma ina roƙo kada kowa ya tashi ya je kan kaya. Yau makaɗa ma su durƙusa tare da kowa.