Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista daga Kwamitin Malamai, Iyaye da Tsofaffin Ɗaliban Kwalejin Barewa, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Minista, babban baƙonmu. Wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, Allah ya ja zamanin Sarki. Shugaban makaranta da malamai. Iyaye, tsofaffin ɗalibai da 'ya'yanmu da ke zaune a baya.

Ranka ya daɗe, lale marhabin. Ayyukanka sun riga ka zuwa Zariya, ba sai mun tsaya lissafa su ba. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne ɗan gida ne ya dawo gida, mutumin da ya kwana a ɗakunan nan, ya ci tuwon nan, har yau kuma bai manta lambarsa ta makaranta ba. Saboda haka ba za mu yi maka kwana-kwana ba. Kafin mu shiga tarihi, ga abin da ke ranmu: ruwa muke roƙo. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da babban tanki a sama, da bututu zuwa ɗakunan kwana da kicin.

Wannan makaranta ta girmi Najeriya mai 'yancin kai da shekara 39. A Katsina aka kafa ta a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, domin a horar da malaman da za su koyar a lardunan Arewa. Tun daga Sakkwato har Barno, daga Ilori har Adamawa, kowane lardi yakan tsamo yaransa masu kaifin ƙwaƙwalwa ya turo. Ginin ƙasar da suka zauna a ciki yana nan a Katsina, an mai da shi gidan tarihi. A 1938 aka komo da ita Kaduna, a 1949 ta tare a nan kan hanyar Gaskiya, a 1971 kuma ta karɓi sunan Barewa.

To su wa ta haifa? Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Katsina suka yi karatu. Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari 'yan zamanin Kaduna ne. Yakubu Gowon, Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa nan Zariya suka zauna, haka Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Mutum biyar da suka riƙe ragamar ƙasar nan daga makaranta ɗaya! A nuna mana wata a Najeriya da za ta faɗi haka. Kuma a lura, Sardauna da Malam Aminu sun yi hannun riga a siyasa, ɗaya NPC ɗaya NEPU, amma rijiya ɗaya suka sha.

Ga inda takaicin yake, ranka ya daɗe. Arewa ce gaba ɗaya ta gina Barewa, Arewa ce gaba ɗaya ta ci moriyarta. Da aka yanka jihohi a 1967, kowa ya ɗauki 'ya'yan da ta haifa masa ya tafi, nauyin uwar ya faɗo kan jiha guda. A 1987 Katsina, mahaifarta, ita ma ta zama jiha ta daban. Yau jihohin Arewa 19 kowace tana tinƙaho da tsofaffin ɗaliban Barewa. A 2021 an yi bikin cika shekara 100, an zo, an yi jawabai, an ɗauki hotuna. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, BOBA, ba ta gaza ba, Allah ya saka mata da alheri. Sai dai ginin da ya haura shekara 70 yana ɗauke da yara ba ya jin yabo, gyara yake so.

Yaran kuwa suna nan yadda ka bar su. Gidajen kwana na amsa sunayensu na da, su Bello Kagara, Nagwamatse, Ɗan Hausa, Clifford da Suleiman Barau, kuma gasar wasanni tsakaninsu har yanzu sai an kai ruwa rana. Sabon shiga har yanzu yana rawar jiki in ya hango firfet. Taken makaranta, Man Jadda Wajada, ƙaramin yaro ma ya haddace shi kafin ya san hanyar ɗakin cin abinci. Ana ta haramar WAEC da NECO, malamai na ƙoƙari iyakar iyawarsu.

Amma ka zo nan a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kama Zariya, rijiyoyi suka ja baya. Tun kafin kiran assalatu za ka ji ƙarar bokitai. Yaro ɗan aji ɗaya, wanda bai wuce shekara 12 ba, ya jera bokitinsa a layi, ya sa dutse a ciki kada a gusar masa, ya tsuguna yana gyangyaɗi. Da ruwan nan guda zai yi alwala, ya yi wanka, ya wanke farar rigarsa. Ya shiga aji a gajiye, malamin lissafi na bayani shi yana tunanin layin yamma. Masu dafa abinci su ma jira suke, in ruwa ya makara karin kumallo ya makara, darasin farko ya tafi. Mu iyaye, in yaro ya dawo hutu da ƙaiƙayi a jiki, mun san daga ina ne.

Muna da sauran buƙatu, kamar kayan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, da littattafai, da kwamfutocin da yara za su saba da su kafin jarrabawar JAMB. Mun rubuta su a shafi na biyu, ka duba in hali ya yi. Ruwan ne a shafi na farko, kuma da gangan muka bar shi shi kaɗai.

Ranka ya daɗe, shugaban kwamiti zai miƙa maka takardar yanzu, da kiyasin kuɗin aikin a jikinta. Muna roƙon alfarma ɗaya kafin ka shiga mota: ka taka da mu zuwa bayan gidajen kwana, mu nuna maka wurin da muka ware domin rijiyar. Tafiyar ba ta kai minti biyar ba, kuma ka san hanyar.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya mai da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.