Bitamin D, gado, da ciwon matsewar jijiyar wuyan hannu

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da war haka. Kowa ya juya tafin hannunsa sama ya taɓa wuyan hannun. A ƙarƙashin yatsanku akwai wani ɗan rami: ƙananan ƙasusuwa 8 ne suka yi masa ƙasa da gefe, wani tantani mai tauri ya rufe shi ta sama. Agara 9 masu lanƙwasa yatsu suna bi ta ciki, tare da jijiyar saƙo guda ɗaya. Wurin ba ya buɗewa. Da zarar wani abu ya kumbura a ciki, jijiyar ce ke shan matsa.

Mai wannan ciwo yakan farka cikin dare hannu ya sage, yana ta yarfa shi. Minjirya ta kama babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na zobe, amma ƙaramin yatsa lafiya lau, domin wata jijiya daban ce ke kula da shi. Mata sun fi maza kamuwa. Juna biyu, ciwon sukari, ƙiba, raunin aikin ƙullin thyroid da ke wuya da aiki da injin mai girgiza hannu duk suna ƙara haɗarin.

To ina bitamin D ya shigo? Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa, wani furotin ya ɗauke shi cikin jini. Ko ya isa ƙwayar jiki, ba ya aiki sai ya shiga makarɓinsa, kamar makulli da kwado. Kowane mataki akwai ƙwayar gado da ke tafiyar da shi: CYP2R1 a hanta, GC ga furotin mai dako, VDR ga makarɓin, wadda ke kan kiromosom na 12 (kiromosom shi ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa). A VDR akwai wani bambanci da ake kira FokI. Wani mutum makarɓinsa yana da tubalan furotin 427, wani 424, kuma gwajin ɗakin bincike ya nuna gajeren ya fi kuzari. Tubali uku kacal! Ire-iren wannan na cikin dalilan da ke sa mutum biyu su sha ƙwayar bitamin D iri ɗaya, adadi ɗaya, jikinsu ya amsa daban.

Makarɓin nan yana cikin ƙwayoyin jijiya, kuma bitamin D yana da hannu wajen rage kumburi. Ƙananan bincike a Turkiyya da Koriya ta Kudu sun tarar da ƙarancinsa a jikin masu ciwon. Nan ne nake so mu yi hattara. Haɗuwar abu biyu a jiki ɗaya ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Ƙiba kaɗai tana sauke bitamin D a jini, kuma tana jawo matsewar jijiyar. Wa za a ɗora wa laifi?

Gado kam yana ciki. Binciken tagwaye mata a Birtaniya a 2002 ya ƙiyasta rabonsa da kashi 46 cikin ɗari. Amma a 2019, da aka tace ƙwayoyin gadon masu ciwon sama da 12,000 a UK Biobank, rumbun bayanan lafiyar mutanen Birtaniya, wuraren gado 16 da suka fito da alaƙa da ciwon sun fi karkata ga tsayin mutum da ginin tantanin jiki, irin su ƙwayoyin gadon ADAMTS17 da EFEMP1. A ganina wannan ya fi nuna faɗin ramin da ingancin abin da ke cikinsa. Batun VDR zato ne mai ma'ana da ke jiran hujja mai ƙarfi.

Wata baiwar Allah ta tambaya ɗazu ko ta fara shan ƙwayar bitamin D. Hajiya, a auna jinin tukuna. Likitoci da yawa suna ɗaukar ƙasa da nanogiram 20 a mililita a matsayin ƙaranci. Idan akwai, a cike shi, don yana da amfani ga ƙashi. Yawansa kuma yana tara kalsiyam har ya kai ga tsakuwar ƙoda. Abin da ke tayar min da hankali shi ne mutum ya shafe watanni yana shan bitamin alhali naman gindin babban yatsansa yana ramewa, har ɓalla maɓallin riga ya gagare shi. Idan aka kai nan, ko an yi aiki ƙarfin ba lalle ya dawo duka ba. Ana farawa da ɗaurin da ke miƙe wuyan hannu da dare, sai allurar rage kumburi, idan abin ya ƙi a yi ɗan aikin tsaga tantanin don jijiyar ta samu sarari.