Yadda Naitirojin Ke Sulalewa Daga Mars

Kun sha jin cewa iskar rana, wato ƙananan ƙwayoyin da rana ke fesowa, ita ce ta share iskar duniyar Mars, kamar yadda guguwa ke kwashe ƙura. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kumbon MAVEN da ya isa can a 2014 ya auna wannan asarar. Sai dai maganar naitirojin ba ta tsaya nan ba.

Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. A Mars ko kashi 3 ba ta kai ba. Kafin abu ya kuɓuce wa duniyarmu, sai ya yi gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa. A Mars kilomita 5 sun isa.

To zafi ne ke korar ta? A'a, kuma nan ne ake ruɗewa. Naitirojin tagwaye take yawo, ƙwayar zarra biyu manne da juna, a haka kuwa ta yi nauyi. Zafi na iya korar haidirojin mara nauyi, amma bai isa ya ba tagwayen nan wannan gudun ba. Sai an raba su tukuna.

Ku zuba ido nan. Can sama, wajen kilomita 200, iska ta yi ƙaranci ƙwarai. Wani hasken rana mai ƙarfi, wanda ido ba ya gani, ya bugi tagwayen, ya fizge ilektaron ɗaya, wato ɗan ƙaramin ɓangare na ƙwayar zarra. Sai wani ilektaron da ke shawagi ya faɗo gurbin. Wannan haɗuwar ce ke tarwatsa su, kowacce ta yi nata gefe a guje. Wadda ta yi ƙasa ta ci karo da 'yan uwanta, ta tsaya. Wadda ta yi sama, ga ta can, babu mai tare ta.

Abin da ya fi burge ni, ƙarfin tsallen da kyar ya kai bakin iyaka. Ƙwayar naitirojin iri biyu ce: mara nauyin, naitirojin 14, tana tsallakewa, naitirojin 15 mai ɗan ƙarin nauyi kuwa sau da yawa sai ta dawo. Shekaru biliyoyi ana wannan tankaɗe. Da kumbon Viking ya sauka a 1976, ya tarar rabon naitirojin 15 a iskar Mars ya zarce na duniyarmu da kusan kashi 60 cikin 100.

Mu ma tagwayenmu suna rabuwa a can sama. Gudun tsallen ne bai kai kilomita 11.2 a daƙiƙa ba, sai su dawo.