Sigmaringen, garin da ɗan sarkinsa ya zama sanadin yaƙi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau ga ni a Sigmaringen, kudancin Jamus. Ruwan nan da ke ƙarƙashin gada kogin Danube ne, a nan bai yi faɗi ba tukuna. Mutanen garin ba su kai 20,000 ba, shiru ko'ina.

Bari in ɗaga kyamara. Kun ga fadar can bisa dutse? Tun 1077 sunanta yake a rubuce, kuma a 1535 ta koma hannun gidan sarautar Hohenzollern, dangin sarakunan Prussia, babbar masarautar Jamusawa ta wancan zamani. Ƙasarsu ba ta taka kara ta karya ba, har suka miƙa wa Prussia mulki wajen 1850, amma jinin sarautar bai rasa masu nema ba. A 1866 aka ɗauki ɗansu Karl ya je ya mulki Romaniya. A 1870 kuma Sifaniya ta nemi yayansa Leopold ya hau gadon sarautarta. Faransa ta ce ba ta yarda a kewaye ta gabas da kudu ba. Leopold ya janye, amma Faransa ta aika jakadanta ya matsa sai sarkin Prussia ya yi alkawarin ba za a sake ba, sarkin kuwa ya ƙi. Bismarck, firaministan Prussia, ya rage kalmomin saƙon wayar tangarahon da ke bayanin ganawar sarkin da jakadan don ya yi zafi, sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia, Faransa ta sha kashi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, daga Satumban 1944 zuwa Afrilun 1945 a cikin fadar nan Jamusawa suka ajiye Marshal Pétain da Laval, shugabannin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Hitler a yaƙin duniya na biyu. Mutanen Nijar, ku tambayi dattawa, gwamnatin nan ce ta riƙe ƙasarku har ƙarshen 1942, alhali Chadi ta bi De Gaulle, janar ɗin Faransa da ya ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun 1940.

A cikin fadar akwai ɗakin makamai, kusan guda 3,000. Ku dubi sulken nan, zobe cikin zobe, kamar na mahayan hawan sallah. Barikin da ke bayan gari kuwa sunan Stauffenberg yake ɗauke da shi, hafsan da ya dasa wa Hitler bam a 1944. Sojoji sun tashi, daga 2015 aka riƙa saukar 'yan gudun hijira a wurin. Ku biyo ni, can muka nufa yanzu.