Laccar likita a taron matasa a Gusau: giya da fankiriyas

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Shugaba ya ce minti ashirin gare ni, abu uku zan faɗa in zauna.

Na farko, nasan wani yana cewa a ransa likita mi ya kawo zancen giya a Zamfara, jihar da ta fara shari'a tun shekarar 2000. To wallahi an hana, amma ana sha. Akwai burukutu, akwai ogogoro, akwai ƴar leda da yaro zai saka a aljihu ba wanda ya sani. Kuma kowa in an ce giya hanta yake tunawa, ba a tuna fankiriyas.

Shi fankiriyas yana kwance ne a bayan tumbi, tsawonsa wajen santimita 15, bai kai tafin hannu da yatsu ba. Aiki biyu gare shi. Yana yin insulin mai daidaita sukari a jini, sannan yana zubo ruwan narkar da abinci cikin ƙaramin hanji, sama da lita 1 kullum. To nan nake so ku saurara, don ni wannan wurin yana ba ni mamaki har yau. Wannan ruwan shi ke narkar da nama, tsiren da ka ci jiya da daddare shi ya narkar da shi. To shi kansa fankiriyas ɗin ba nama ba ne? Nama ne mana! Me ya hana ya narkar da kansa? Ikon Allah, sinadaran suna fitowa ne kamar wuƙa cikin kube, ba a zare su sai sun isa hanji. Sai sun isa hanji fa. Giya mai yawa ita ke sa a zare su tun suna gida, sai su hau cin naman da ya yi su. Bayan haka tana sa ruwan ya yi kauri ya toshe ƴan hanyoyin da yake bi, har tsakuwa ta fito a ciki, ruwa ya rasa mafita ya koma baya. Ku duba fa, abin da ke narkar da tsire yana narkar da kai daga ciki. Alhaji na ga ka dafe ciki, ba da kai nake ba (dariya).

Ciwon kuwa ba a kwatanta shi. A saman ciki yake, ƙarƙashin ƙirji, ya huda ya fita ta baya, ga amai. Za ka ga ƙato ya kasa kwanciya rigingine, ya zauna ya dunƙule gwiwa a ƙirji yana zufa, don haka kawai yake ɗan samun sauƙi. In ya yi tsanani yana taɓa ƙoda da huhu, yana kisa. Amma mutanenmu sai su ce olsa ce, a ruga kemis a sayo farin ruwan nan a kurɓa, kwana biyu ana abu ɗaya. In an zo asibiti mu tambaya kana sha, sai ya kalli babansa ya ce a'uzubillahi. Don Allah ku ce a fitar da kowa ku gaya mana gaskiya, likita ba Hisba ba ne. Gwajin jini ne ake yi, na lipase, wato ɗaya daga cikin sinadaran nan na fankiriyas, da hoton ciki, a saka ƙarin ruwa da maganin ciwo. Kuma kada ku fita nan kuna zargin mutane, tsakuwar matsarmama ma tana kawo wannan ciwon ga wanda bai taɓa sha ba.

Na uku... na yi na biyu? To duk ɗaya. In aka yi shekaru ana sha, naman yana zama tabo, kuma tabon ba ya komawa. Mutum ya rame, bayan gida mai maiƙo da wari, sai ciwon sukari. Sigari yana ƙara lalata shi. Shugaba na ga agogon.

(Tambaya daga wani dattijo: Likita, wanga maganin basur da ake jiƙa itace cikin kwalba, shi ma yana ciki?)

Baba, ka yi tambaya. Ya danganta da abin da aka jiƙa shi da shi. In ruwa ne wannan wani zance ne daban, amma da yawa masu ɗacin nan na kwalba da na leda giya ce tsagwaronta aka zuba wa saiwa, wasu ƙarfinsu ya ninka na giyar kwalba sau da yawa. Ka sa jika ya karanta maka jikin kwalbar, in ka ga alamar % kusa da alc, giya ce. Wanda kuma ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki, yana iya kawo karkarwa da farfaɗiya. Ya zo asibiti a taimaka masa ya bari. Akwai wata tambayar? Ƴan'uwa mata, ku ban ji ku ba.